Wuta ta ci bayan motar mahaifinmu: wa zan ba gyaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Akwai wata mota da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya shigo da ita daga Amurka shekaru da dama da suka wuce. A ido Porsche 356 Speedster ce, amma kwaikwayo ce: jikinta na faiba ne, ƙasanta da injinta kuwa na Volkswagen Beetle. Makon jiya na fito da ita zan kai ta wanki a nan Kaduna, ban yi nisa ba sai na ga masu babur suna ta nuna mini baya. Kafin in tsaya hayaƙi ya turnuƙe. Jama'a suka kawo ɗauki, wani ya fesa abin kashe gobara mai hoda, wasu suka yi ta watsa yashi da ruwa, har Allah ya sa wutar ta mutu. Murfin inji ya ƙone, wayoyi sun narke, fenti ya kumbura har kusa da ƙofa. Na nuna wa mutum uku. Na farko ya ce sati biyu zai gama, in ba shi rabin kuɗi. Na biyu ya ce a cire injin a sa na Golf. Na uku ya ce in sayar wa 'yan gwangwan in huta. Malam, yaya zan gane garejin da zan amince masa? Motar tana da daraja a wurina fiye da kuɗinta.

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da arziki, ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, ya jiƙan mahaifinku. Tunda ka fito lafiya, sauran duk mai sauƙi ne.

Cikin mutanen nan uku kada ka ba kowa. Na farkon ne ma ya fi ba ni tsoro, domin duk wanda ya kalli motar da wuta ta ci ya yanke farashi da rana a tsaye, bai sauke inji ba, bai shiga ƙarƙashi ba, to ko dai bai san aikin ba, ko kuma kafin alƙalami yake hari. Mai gaskiya a wannan sana'a, ranar farko ba ya faɗin kuɗi. Cewa zai yi, “Alhaji, sai na buɗe na gani.”

Amma kafin maganar gareji, akwai abin da bai kamata ya ƙara kwana ba. Cire kan batir idan ba a cire ba. Kada ka yarda kowa ya murza makulli wai don a ji ko injin zai tashi, domin yashin da aka watsa ya shiga kafireto, kuma juyi ɗaya ya isa ya kai shi cikin silinda ya kankare ta. Ɗauki hoton ko'ina, ciki da waje da ƙarƙashi, har da lambar shasi, wadda a Beetle ake bugawa a kan doron ƙarfen da ya ratsa tsakiyar mota, can wajen bayan kujeru. Idan inshorarka cikakkiya ce, ko irin wadda ta haɗa da gobara da sata, sanar da su a rubuce kuma kada a kwance komai sai mai tantancewarsu ya zo. Idan kuwa ƙaramar nan ce ta naira 15,000 da yawancinmu ke yi saboda jami'an hanya, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ruwanta da motarka. Da zarar an gama hotuna, a share hodar nan. Ba ta da kirki ko kaɗan: tana jan danshi, tana cin ƙarfe da alminiyam da bakin wayoyi. Haka ma hayaƙin robar waya da ta ƙone, yana barin wani tsami a kan ƙarfe wanda ke haifar da tsatsa cikin 'yan kwanaki. A fara bugewa da busasshen burushi, sannan a wanke a busar, a shafa ɗan mai a kan ƙarfen da ya fito tsirara. Mai aikin ya sa safar hannu ya rufe hanci. Motar kuma ta zauna a ƙarƙashin rufi, ba a rana da tamfol ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke hannunka, don sai ka san shi za ka san wanda kake nema. Porsche ta fito da Speedster a 1954, bisa roƙon dillalinta na Amurka, Max Hoffman, wanda ke son mota mai sauƙin kuɗi ga matasan can. Ta asalin jikinta ƙarfe ne, kuma a yau kuɗinta ya kai ɗaruruwan dubban daloli. Masu kwaikwayo, irin su Intermeccanica da Vintage Speedsters a nahiyar Amurka da Chesil a Ingila, sun ga cewa Beetle da 356 'yan gida ɗaya ne a tsari: inji a baya, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Sai da yawa cikinsu suka riƙa ɗaukar shasin Beetle su yanke shi, domin tazarar tayar gaba da ta baya a Beetle milimita 2,400 ce, a 356 kuwa 2,100, wato a rage kamar santimita 30 a sake walda. A kai sai a ɗora jikin faiba wanda aka manna masa firam na ƙarfe daga ciki.

Ka ga ke nan sana'a uku ce a cikin mota ɗaya: mai injin Boswaja (wato Volkswagen) na da, mai aikin faiba, da mai wayarin. Ban taɓa ganin gareji ɗaya a ƙasar nan da ya haɗa ukun a ƙware ba. Kuma kada sunan Porsche da ke manne a murfi ya ruɗe ka ka nufi manyan garejin da ke gyaran motocin zamani da kwamfuta. Babu inda za su jona na'urarsu a wannan mota. Wanda kake nema dattijo ne, wataƙila ma ya fara ja da baya daga sana'a, wanda ya koyi aiki lokacin da kamfanin Volkswagen ke haɗa Beetle a Legas, a hanyar Badagry, tun daga 1975. A wancan zamani kusan kowane malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati burinsa ke nan, shi ya sa har yanzu ba a rasa masu hannu a kanta. Ka je Panteka ka tambayi tsofaffin masu sayar da kayan gyara, “Wa ke sayen kayan Boswaja a wurinku?” Mai sayar da kaya ya fi kowa sanin bakanike na ƙwarai, domin ya san wanda ke dawo da kaya yana ƙorafi da wanda ke karɓar jabu ya yi shiru. Idan Kaduna ta gaza, a leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Apo a Abuja. Kuma duk inda ka ga Beetle tana tafiya lafiya a titi, tsayar da mai ita ka tambaye shi mai yi masa gyara. Masu irin waɗannan motoci ba sa ƙin hira.

Idan ka samo shi, ka biya shi kuɗin dubawa daban, tun kafin a yi zancen gyara, kuma ka gaya masa ƙarara cewa wannan kuɗi ba alkawarin aiki ba ne. Wannan ita ce shawarar da na fi so ka riƙe. Mutumin da ya san abincinsa na ranar bai dogara da sai ka ba shi aikin ba, ya fi sakin baki ya gaya maka abin da ya mutu.

Sannan ka yi masa tambaya ɗaya: “Baba, me ya jawo wutar?” Ka yi shiru ka saurara. Wanda ya ce “ƙaddara ce” ya faɗi gaskiya, amma bai amsa ba. Wanda ya san injin nan zai miƙa hannu kai tsaye wajen kafireto. Akwai wani ɗan bututun tagulla da mai ke shiga ta cikinsa, wanda dannawa kawai aka yi, babu zare. Da tsufa da girgiza yakan zare, famfon mai ya ci gaba da tunkuɗo fetur, ya feshe distiributa da ke tartsatsi a kusa. Abin da ke saurin zare shi kuwa shi ne matatar mai ta roba da mutane ke ratayawa tsakanin famfo da kafireto, nauyinta na ta jijjiga bututun. Zai kuma duba inda bututun mai na ƙarfe ya ratsa faifan da ke gaban inji, ko robar da ke kare shi ta faɗi har ƙarfe ya ci ƙarfe. Zai duba tiyo ko ya tsattsage, ko an sa mai faɗin kwatan inci a inda ake buƙatar na milimita 5.5, wanda yake zama sako-sako ko da an ɗaure. Zai duba batir ko wani ƙarfe ya taɓa kansa. Bakaniken da ya lissafo maka biyu ko uku daga cikin waɗannan ba tare da ka tuna masa ba, ka riƙe shi da hannu biyu. Wanda bai damu da sanin dalili ba zai haɗa maka motar yadda take, ta sake kamawa.

Abin da wuta ta narkar shi ke faɗin zafin da ta kai, kuma gwani yana karanta shi kamar allo. Idan roba da wayoyi kawai suka tafi, wutar ba ta daɗe ba. Idan kafireton Solex ne irin wanda Volkswagen ta saba sawa kuma ya lanƙwashe, zafin ya doshi digiri 400. Idan har alminiyam ya zuba, an wuce 660, a nan sai a yi shakkar komai. Daga bayaninka ina kyautata zaton naka na farkon ne ko na tsakiya. Ka kuma gode wa Allah a kan wani abu: kwandon injin Beetle na asali da na giyabos da magniziyam aka yi su, wanda idan ya kama da kansa yakan yi wani farin haske mai kashe ido, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. Da wutar ta kai can, da ba wannan tambayar kake yi ba. In kana son sanin irin kwandonka, a kankare ɗan wuri a ɗiga ruwan binega: magniziyam zai yi kumfa, alminiyam ba zai motsa ba. Duk yadda ta kasance, dole a sauke injin, a cire kawunan silinda, a fitar da yashi, a canza duk wata roba da ke riƙe mai, a gwada sifirin na bawul ko zafi ya kashe ƙarfinsu. A duba ƙahonni biyun shasi da ke ɗauke da giyabos, da waldar da aka yi lokacin rage tsawo, da tiyon birki na baya. Tiyon birki da ya sha zafi ba a tattauna shi, canzawa ake yi.

Maganar injin Golf kuwa, gyaran gangar Auzinawa ne. Injin ruwa yana son lagireto, motar nan ba ta da mazauninsa, sai an fasa jiki an ja bututu har gaba, ga ƙarin nauyi a bayan motar da dama can bayanta ya fi gabanta nauyi. A Amurka akwai masu sa injin Subaru a irinta, amma da kayan da aka ƙera don hakan, ba da dabarar bakin titi ba. Kayan Beetle ba su ɓace ba. An ƙera fiye da miliyan 21, ta ƙarshe ta fito daga Puebla ta ƙasar Meziko a Yulin 2003, kuma har gobe ana yin sababbin kayan injinta. Abin lura ɗaya: faifan da ke kewaye injin da robar da ke toshe gefensa su ne ke hana iska mai zafi komawa cikin fanka. Bakaniken da ya ce “wannan ado ne, a bar shi,” zai dafa maka inji a zafin watan Afrilu.

A wajen faiba ne aka fi cutar mutane, don haka zan ɗan tsaya. Mai buga bodi ya saba da ƙarfe: ya gasa, ya buga, ya shafa fila, ya yi fenti. Faiba zaren gilashi ne da aka jiƙa da wani ruwa mai kama da gam da ake kira rezin ya daskare. Wuta tana cinye rezin ta bar zaren fari fat, busasshe, kamar tsohon buhu. Wannan kowa zai gani. Wanda ba a gani shi ne kewayen wurin, inda zafi ya raba shimfiɗa da shimfiɗa daga ciki alhali waje na nan sumul. Ɗauki kwabo ko ƙaramin sifana ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali tun daga ƙofa zuwa baya. Lafiyayyen wuri ƙararsa tsaf take, mataccen wuri kuwa sai ka ji “buf-buf” kamar ƙwarya mai tsaga. Zagaye iyakar da alli. Duk abin da ke cikin da'irar yankewa za a yi. Gyara na gaskiya shi ne a goge bakin yankan ya kwanta a hankali, faɗin gangaren ya kai kamar sau 12 na kaurin faiban, sannan a jera sabon zare shimfiɗa bayan shimfiɗa, ciki da waje, ana matse iska. Siffar mazaunin taya da kwankwason mota kuma a ɗauko ta da kwali daga ɓangaren da bai ƙone ba. A kuma duba inda firam ɗin ƙarfe ya manne da jiki, don zafi yakan saki wannan haɗin, daga baya ka ga ƙofa ta ƙi rufuwa daidai.

Maƙaryacin mai faiba fila zai cusa a kan gawayi. Ranar da za ka karɓa motar tana ƙyalli kamar amarya, bayan wata uku rana ta buga ta, fenti ya tsage, ƙaurin ƙuna ya dawo. Masu wannan aiki na ƙwarai sau da yawa ba a garejin mota suke ba: masu gyaran jiragen ruwa na faiba a Legas da Fatakwal, da masu ƙera tankuna da rumfunan faiba. Idan ka sami ɗaya, ba shi murfin injin kawai ya gyara, ka biya shi. Idan ya kawo, juya cikin ka duba, ɗaga shi ka ji nauyi. Murfin da ya yi nauyi fiye da kima fila ce a ciki. Da murfi ɗaya ka sayi sanin mutum, ya fi ka saya da rabin mota. Bayan an gama aikin faiba, a bar shi makonni ya sha rana ya gama tsukewa kafin a yi fenti. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa mai sati biyu tatsuniya yake yi.

Mai wayarin ba ya buƙatar dogon bincike. Tambaye shi, “Jonawa za ka yi ko sabo za ka ja?” Idan ya ce zai yanke inda ya ƙone ya jona ya naɗe da salatif, yi masa sallama. Zafi yana bin tagulla ya gasa robar waya a inda ido bai kai ba. Wayarin Beetle kaɗan ne, ana sayar da shi a haɗe, kuma mai hankali zai iya jan sabo daga gaba har baya da fis a kowane layi, da makunnin da ke yanke batir gaba ɗaya a inda hannunka zai kai kana zaune.

Saura zancen kuɗi da amana. Na taɓa ganin wata tsohuwar mota mai kyau da aka kai wani gareji da janwe, mai ita ya biya kashi biyu cikin uku a ranar, ya yi tafiya. Shekara uku tana nan a kan duwatsu. Yau a ari fitila “a gwada” a wata motar, gobe a ari sitata, har ta koma kaji na ƙwai a ciki. Ba wai mai garejin ɓarawo ba ne tun asali, kuɗin ne ya ci ya ƙare, aikin kuma ya fi ƙarfinsa, kunya ta hana shi faɗa. Saboda haka, in kana da rumfa a gida, a yi aikin a gidanka, masu sana'a su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya: a kwance, a gyara shasi, a yi faiba, a ja waya, a ɗora inji, fenti a ƙarshe. In dole sai an kai gareji, je ka ba tare da sanarwa ba ka ga motocin da ƙura ta rufe, ka tambayi yaran shagon tun yaushe suke nan. Yara ba su iya ɓoye wannan ba. Nemi lambar mutum biyu da ya yi wa babban aiki shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ba na makon jiya ba, domin aikin banza ma yana kyau a makon farko. A rubuta yarjejeniya, ko a takardar makaranta ce, a jera duk abin da ke jikin motar, fitilu da agogon gaban direba da tambari da sitiyari, a sa hannu gaban shugaban garejin ko wani jami'in ƙungiyar masu gyaran mota ta NATA. Kayan ado ma gara ka kwance su ka kai gida, su ne masu wuyar samu. Biya kuwa mataki-mataki: a gama, ka gani, ka biya. Kaya masu tsada ku je tare ko ka yi oda da kanka, tsoffin da aka cire a dawo maka da su a kwali. Bakaniken da ya ji haushin wannan tsari ya ba ka amsa tun ba a fara ba. Wanda kuma ya ce maka, “Inji nawa ne, amma faiba ba aikina ba ne,” shi nake so ya zama jagoran aikin.

Na ukun da ya ce a sayar bai yi daidai ba, amma akwai inda maganarsa za ta iya zama gaskiya. Idan dubawa ta nuna shasi ya karkace, kwandon inji ya lalace, faiba kuma ya mutu har gaban ƙofofi, kuɗin gyara zai iya wuce kuɗin motar, tunda kwaikwayo ba ta kusa da ta asali a kasuwa. A nan sai ka auna da zuciyarka da aljihunka. Ko a hakan ma ba gwangwan ba ce, gilashin gabanta da ƙarafan rumfarta da kayan adonta kuɗi ne a wurin masu irinta. Kuma tunda ka ce ta mahaifinku ce, in ba a raba gado ba ka zauna da 'yan'uwa kafin ka zuba kuɗinka, kada a gama gyara a fara wata rigimar.

Ranar da za a tayar da injin, a turo motar fili, nesa da gini, mutum ɗaya a kan makulli, ɗaya a baya riƙe da abin kashe gobara. Kafin nan ka tabbata da idonka cewa an fitar da matatar mai daga ɗakin inji an mayar da ita ƙarƙashin tanki ko kusa da giyabos, an ɗaure bututun kafireto da waya ko an sa mai zare, kowane bakin tiyo yana da kilif, kuma an sa abin da ke tsayar da mai idan an kashe mota, domin tankin yana gaba ne kuma fetur kan ci gaba da gangarowa ko inji a kashe. A bar shi ya yi minti goma yana aiki, a kashe, a bi duk mahaɗar tiyo da farin tsumma a ga ko zai jiƙe. Abin kashe gobarar kuma mazauninsa kusa da kujerarka, ba can cikin but na gaba a ƙarƙashin kaya ba.